Kana kwana a wata jiha kana aiki a wata: yadda ake cike harajin jiha a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Da zarar Janairu ta ƙare kowa ya karɓi takardar W-2 ɗinsa, wato takardar jimillar albashi da harajin da aka cire a shekara, daga wurin aiki sai tambaya ɗaya ta fara yawo tsakaninmu, ni fa a New Jersey nake zaune amma aikina a New York yake, wa zan biya? Ko kuma, ina Maryland amma na ga ana ta cire min na Virginia tun bara, kuɗin nan sun tafi kenan? Toh amsar a taƙaice ita ce jihohin biyu duk suna da ta cewa a kan kuɗinka, amma ba za ka biya sau biyu a kan dala ɗaya ba in dai ka cike takardun bi da bi yadda ya kamata, matsalar kawai babu wanda zai gyara maka in ka yi shiru, jiha ba ta kiran mutum a waya ta ce zo ga rarar kuɗinka.

Abin da ke rikita namu mutanen musamman waɗanda suka yi aikin albashi a Najeriya shi ne a gida doka ta ce harajin albashi na jihar da kake zaune ne, wanda ke kwana a Mararaba yana shiga Abuja aiki kullum to a ƙa'ida Nasarawa ce mai kuɗin. A nan ba haka ba ne. A nan jihar da kake zaune tana ɗora haraji a kan duk abin da ka samu ko daga ina ya fito, ko da hayar gidanka ne na Kano, ita kuma jihar da ka je ka yi aikin tana ɗora nata a kan abin da ka samu a cikin ƙasarta. Sai jihar gidanka ta rage maka abin da ka riga ka biya waccan, wannan ragin shi suke ce wa kiredit, kuma kusan duk maganar yau a kansa take.

Kafin ka taɓa komai ɗauko W-2 ka duba can ƙasa. Akwati na 15 sunan jiha ne, na 16 albashin da aka ce na jihar ne, na 17 kuɗin da aka cire maka aka tura wa jihar, 18 zuwa 20 kuma na birni ko ƙaramar hukuma ne in akwai. Yawancinmu akwati na 1 da na 2 kawai muke kallo saboda can ne rifon na tarayya, wato rarar harajin da ake dawo maka da ita, yake fitowa, alhali rigimar jiha duk a ƙasan takardar take. In ka ga layi biyu, NY a sama NJ a ƙasa, kada ka firgita ka ɗauka albashinka aka ninka, kuɗi ɗaya ne aka nuna wa jihohi biyu.

Tsarin cikewa kuma kada ka juya shi. Ka fara da na tarayya wato fom 1040, don yawancin jihohi daga can suke ɗauko lissafi. Sai ka cike na jihar da ka yi aiki a matsayin wanda ba mazauninta ba. Sai a ƙarshe ka cike na jihar da kake zaune. Dalili kuwa, ba za ka san nawa za a rage maka a gida ba sai ka san ainihin harajin da waccan jihar ta ci. Kuma ka lura da kyau, ainihin harajin da ya hau kanka bayan an gama lissafi ake sakawa, ba abin da ke akwati na 17 ba. In an cire maka dala 3,200 a shekara amma lissafi ya nuna 2,700 ne hakkinsu suka dawo maka da 500, to 2,700 za ka nema a rage maka a gida. Mutane da yawa nan suke zamewa, su saka 3,200, bayan wata shida ko shekara wasiƙa ta iso da ciko da kuɗin ruwa a kai.

Bari mu ɗauki misalin da ya fi yawa a cikinmu. Mu ƙaddara wata 'yar uwa ba ta da aure tana zaune a Newark tana aikin jinya a wani asibiti a Manhattan, albashinta dala 60,000 a shekara. New York da New Jersey ba su da wata yarjejeniyar haraji a tsakaninsu duk da maƙwabta ne, don haka za ta cike fom IT-203 na New York, harajin zai kama kusan 2,700. Sai ta zo ta cike NJ-1040, New Jersey za ta lissafa nata a kan albashin guda ya kama kusan 1,750, sai ta cike wata takarda mai suna Schedule NJ-COJ ta nuna ai na biya New York. Ragin ba ya wuce abin da ita New Jersey za ta ci a kan wannan kuɗin, don haka 1,750 ɗin ya goge, ba ta biyan New Jersey komai, amma fa bambancin na kusan 950 ba mai dawo mata da shi. Ƙa'idar kenan, a ƙarshe na jihar da ta fi tsada kake biya. Kuma duk da sifili ne dole ta cike na New Jersey ɗin, kada wani ya ce miki tunda ba a bin ki komai ki bar shi. Abu ɗaya mai daɗi, harajin birnin New York na mazauna birnin ne kawai, tun 1999 aka soke na masu shigowa aiki, sai dai in ke ma'aikaciyar gwamnatin birnin ce kanta, su akwai nasu fom NYC-1127 da ke sa su biya kamar mazauna.

Yanzu juya misalin, don wannan ne mai zafin. Ɗan uwa yana zaune a Bronx yana aiki a wani katafaren sito a wajen Newark ko Elizabeth, albashi ɗaya, 60,000. Zai cike NJ-1040NR ya biya New Jersey kusan 1,750, ya dawo ya cike IT-201 na New York tare da IT-112-R na neman ragi, a cire 1,750 daga 2,700 saura kusan 950, sannan ga harajin birni na kusan 1,800 wanda shi ragin bai shafe shi ba sam. In kamfanin na New Jersey kawai yake cirewa to Afrilu na zuwa sai ya tarar ana bin sa kusa da dala dubu uku a dunƙule, ga wataƙila tarar rashin biya a kan kari, mutumin da ya gama lissafin zai tura kuɗin azumi gida da rifon. Maganin wannan ba a Afrilu yake ba, tun farkon kama aiki ne. Ka je wurin masu biyan albashi ka tambaye su ko za su iya cire maka na New York ma, ka cike musu IT-2104, in sun ce ba su da rajista a can to ka riƙa turawa da kanka kashi huɗu a shekara, tsakiyar Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu, a shafin hukumar harajin jihar ana yi a minti kaɗan.

Sai kuma jihohin da suka yi yarjejeniyar ban gishiri in ba ka manda, kowacce ta ce mutanenki su biya ki, nawa su biya ni. Waɗannan su ne masu sauƙi. Maryland tana da ita da Virginia da West Virginia da Pennsylvania da birnin Washington. Shi Washington ma gaba ɗaya ba shi da ikon taɓa albashin wanda ba mazauninsa ba, majalisar tarayya ce ta hana tun dokar 1973 da ta ba birnin cin gashin kai. New Jersey tana da ita da Pennsylvania. Ohio tana da ita da maƙwabtanta biyar, Indiana, Kentucky, Michigan, Pennsylvania da West Virginia. Illinois tana da ita da Iowa, Kentucky, Michigan da Wisconsin, amma ban da Indiana, don haka mai zama a Hammond ko Gary yana shiga Chicago aiki fom biyu zai cike. Amma fa yarjejeniyar ba ta aiki da kanta, sai ka kai wa kamfani takarda. In kana aiki a Virginia VA-4 ce, a Maryland MW507, a Washington D-4A, ɗan New Jersey mai aiki a Pennsylvania REV-419, ɗan Pennsylvania mai aiki a New Jersey NJ-165. Shafi ɗaya ko biyu ne, wallahi bai kai cike fom ɗin buɗe asusun banki wahala ba, amma rashin kai shi ne ke sa a yi shekara ana tura kuɗinka jihar da ba ta da haƙƙi a kai.

To in aikin gama ya gama an riga an cire? Kuɗin ba su ɓata ba, amma kada ka nemi kiredit a jiharka a kansu, za su ƙi, don a wurinsu ba a bin ka wannan harajin tun asali. Abin yi shi ne ka nemi jihar da ta karɓa ta dawo maka da su duka, Virginia tana da fom 763-S don haka, Washington tana da D-40B, sannan ka biya jiharka nata cikakke. Wurin da yake ciwo shi ne jiharka ba za ta jira sai waccan ta dawo maka da kuɗi ba, ranar biya ranar biya ce, don haka ka tura neman rifon ɗin da wuri tun Fabrairu. Kuma 'yan Maryland ku tuna akwai harajin ƙaramar hukuma a cikin fom 502, na Montgomery da Prince George's kashi 3.2 ne a 2025, ba ƙaramin kuɗi ba ne in shekara guda ba a cire ba.

Wani abu game da yarjejeniyar, albashi kawai ta shafa, ba ta shafi kuɗin sana'ar kai ko haya ba, kuma ba ta shafi harajin birane. Ɗan Camden mai aiki a Philadelphia zai tsira daga kashi 3.07 na Pennsylvania amma birnin Philadelphia sai ya cire nasa na kashi uku da ɗoriya, sa'a dai New Jersey tana yarda ka saka shi a NJ-COJ a rage maka. Biranen Ohio ma haka suke, Columbus kashi 2.5 take ci.

Jihohi tara ba sa cire haraji a albashi, Texas, Florida, Tennessee, Nevada, Washington ta can yamma, Wyoming, South Dakota, Alaska da New Hampshire. Amma zama a Houston ba kariya ba ce in ƙafarka ta taka wata jiha ka yi aiki. 'Yan uwanmu masu jinyar kwantiragi da ke yin wata uku nan wata uku can, duk jihar da kika yi aiki mai haraji sai kin cike mata nata, uku ne uku, huɗu ne huɗu, kuma tunda Texas ba ta cire komai ba babu inda za a rage miki. Haka in kana zaune a Georgia kana tsallakawa Chattanooga ta Tennessee aiki, takardar albashinka za ta fito tsaf babu cirin jiha kana ta murna, Georgia kuwa tana nan tana jiranka da lissafin shekara guda.

Aiki daga gida shi ne ya zo ya ƙara dagula lissafi. A yawancin jihohi inda jikinka yake lokacin da kake aikin nan ne aka samu kuɗin, kamfani na Atlanta kai kana ɗakinka a Dallas, to a Texas ka yi aiki. Amma New York ba ta yarda da wannan ba, ita ƙa'idarta in ofishinka na New York ne kuma don jin daɗinka kake zama a gida ba don kamfani ya wajabta ba, to ranakun gidan ma nata ne. Pennsylvania da Delaware da Nebraska suna da irin ta, Connecticut da New Jersey kuma suka kafa ta ramuwar gayya a kan mazauna jihohin da ke yin haka. Wani farfesan shari'a, Edward Zelinsky, mazaunin Connecticut mai koyarwa a Manhattan ya kai New York ƙara a kan wannan har babbar kotun jihar a 2003 bai yi nasara ba. Ni a ganina zalunci ne a ci harajin mutumin da bai hau titinka ba bai shiga jirgin ƙasanka ba, amma ra'ayina ba zai hana wasiƙa zuwa ba, don haka in kamfaninka na New York ne kada ka rage ranakun gida a IT-203-B sai ka tabbata kana da hujja a rubuce daga kamfanin.

Wanda ya yi ƙaura a tsakiyar shekara kuma, mazaunin rabin shekara ne a jihohi biyu, kowacce ta ci na lokacin da kake cikinta. New York fom IT-203 ɗin dai ake amfani da shi, Virginia tana da 760PY. Ka ajiye takardar albashi ta ƙarshe kafin ƙaura, wadda ke nuna jimillar abin da ka samu daga Janairu zuwa ranar, da takardar hayar sabon gida, don da su za ka raba kuɗin. Ka san kuma New York tana sa kamfanoni su rubuta albashin shekarar gaba ɗaya a akwati na 16 ko da wata biyu ka yi mata aiki, ba kuskure ba ne, kai ne za ka raba a fom. Kuma ranar da ka tare ka canza adireshi a wurin aiki, kada ka bari sai Disamba.

A nan dole in taɓo wata ɗabi'a tamu, dan Allah a yi haƙuri. Mutum yana kwana a Bronx amma lasisinsa da rajistar motarsa da adireshin wurin aiki duk na gidan ɗan uwansa ne a Pennsylvania ko New Jersey don inshora ta yi sauƙi, sai kuma ya cike haraji da wannan adireshin. New York ba ta wasa da wannan. A dokarta in kana da wurin kwana na dindindin a jihar kuma ka wuce kwana 183 a cikinta to kai mazauni ne ko me lasisinka ya ce, kuma ko awa ɗaya ka yi a rana an ƙirga ta kwana guda. Suna iya neman bayanan E-ZPass na biyan kuɗin titi da na katin banki da na waya. In suka kama ka jihohi biyu ne za su ce kai nasu ne, ga tara ga ruwa, abin da ka tsira da shi a inshora bai kai rabin wannan ba.

Direbobin tirela ku naku da sauƙi, akwai dokar tarayya da ta ce ma'aikacin kamfanin sufuri da ke ratsa jihohi biyu ko fiye a kai a kai, jihar da yake zaune ce kaɗai za ta ci harajin albashinsa. In ka ga an cire maka na jihar da garejin kamfani yake ka nemi a gyara. Masu Uber da Lyft da DoorDash kuwa 1099 ake ba ku ba W-2 ba, ba a cire muku ko sisi, yarjejeniyar jihohi ba ta rufe ku, kuma in kuna ɗaukar fasinja ko kaya a wata jiha a kai a kai ita ma tana iya neman rabonta, don haka ku riƙa sauke bayanan tafiye-tafiyenku daga manhajar kuna ajiyewa.

In da kanka za ka cike ta TurboTax ko FreeTaxUSA ko makamantansu, duk suna yin jihohi biyu, sai dai yawanci kowace jiha da kuɗinta. Ka bi tsarin da na faɗa, ta wurin aiki kafin ta gida, kuma kafin ka danna turawa ka buɗe fom ɗin jihar gida ka kalli layin albashi da idonka. In kana samun 60,000 ka ga an rubuta 120,000 to layi biyun nan na akwati na 16 aka haɗa, ka koma ka cire ɗaya. Kada ka yi mamaki in adadin New Jersey ya ɗan ɗara na tarayya, ita ba ta yafe kuɗin inshorar lafiya da ake cirewa kafin haraji. Wasu jihohin irin su Maryland suna so ka haɗa kwafin fom ɗin ɗaya jihar da takardar neman ragin wato 502CR. In kuma wurin mai cikewa za ka je, ko da ɗan masallacinku ne, tambaye shi kai tsaye ya taɓa yin na jihohi biyu? Ya sa hannu a takardar ya rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar masu cike wa mutane haraji, in ya ce kai ka sa hannu kamar kai ka cike da kanka to tashi ka bar wurin. Masu ƙaramin albashi akwai shirin VITA na cike haraji kyauta a dakunan karatu da cibiyoyin unguwa, amma ka kira ka tambaya tukuna don ba kowace cibiya ke karɓar na jiha biyu ba.

Ranar rufewa a yawancin jihohi 15 ga Afrilu ce kamar ta tarayya, Virginia 1 ga Mayu. Neman ƙarin lokaci na cike takarda ne kawai, ba na biyan kuɗi ba, New Jersey ma ba ta amincewa da ƙarin sai ka riga ka biya kashi 80 na abin da ake bin ka. Wanda kuma ya gano yau cewa shekarun baya bai nemi ragin nan ba ya biya sau biyu, yawancin jihohi suna ba da kusan shekara uku a gyara fom a karɓi kuɗin, ka fara da shekarar da ta fi tsufa kafin ta kuɓuce.

Masu katin zama da ke shirin neman zama ɗan ƙasa, fom N-400 yana tambaya ko ana bin ka harajin tarayya ko na jiha ko na birni, don haka bashin jiha ma yana shiga. Yana kuma tambaya ko ka taɓa kiran kanka baƙon da ba mazaunin Amurka ba a takardar haraji. Cike IT-203 ko NJ-1040NR ba shi ake nufi ba, wannan cewa kawai ka yi ba a jihar kake kwana ba. Wanda zai jawo maka matsala shi ne 1040-NR na tarayya, mai katin zama ba ya cike shi, in ka ga mai cike maka ya ɗauko shi ka dakatar da shi nan take.